Aldenora Mai Yanka Ruwan Yazawa

Duk wanda ya taɓa shan kajuwina, tataccen lemon ruwan yazawa, a garin Lagoa do Angico da ƙauyukan da ke kewaye da ita, to aikin hannun Dona Aldenora ya sha, ko ya san ta ko bai san ta ba. Matsar yazawa kowa ya iya, wahalar tana wajen yanka. Ruwan yakan fito da kauri, a gurɓace, ga bauri mai ɗaure harshe, kuma ba ya jiran kowa. A zafin watan Oktoba na jihar Piauí, in aka bar shi daga hantsi zuwa yamma ya yi tsami, sai dai a kai wa aladu. Mai yanka ita ce ke jiƙa jelatin, garin nan da ake samu daga fatar shanu da ƙashi, ta riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan tana juyawa da muciya, har ɓurɓushin da ke yawo a ciki ya dunƙule kamar madarar da aka matsa wa lemon tsami. Daga nan a tace da ƙyalle, a ɗura a kwalabe, a dafa kwalaben sai ruwan ya yi launin zuma. In jelatin ya yi kaɗan ruwa ba zai washe ba, in ya yi yawa ya sake gurɓacewa. Babu ma'auni sai ido, kuma a ƙungiyar manoman yazawa ta garin idon Aldenora aka yarda da shi.

Wajen uwarta ta koya, ita kuwa uwar da ƙaron bishiyar yazawa take yanka nata, tun kafin jelatin ya iso shagunan birnin Picos. Aldenora gajeruwa ce, bakinta ya fi jikinta girma, kuma ba ta da riga ko ɗaya da tabon yazawa bai kama ba. Mijinta ya mutu yaran suna ƙanana, ta raine su da muciyar nan. 'Ya'yanta maza biyu suna yin gemu suka hau mota zuwa São Paulo aikin gini. Da farko duk Lahadi sai sun kira waya, daga baya sai ranar Kirsimeti. Ba ta taɓa yi wa kowa ƙorafi ba, amma ranar da motar São Paulo ke tashi ba ta bi ta bakin tasha, gara ta zagaya ta bayan coci.

Auta ce ta rage mata, Ivonete, wadda ta tafi Teresina, babban birnin jihar, ta karanta ilimin sarrafa abinci. Wani kamfanin lemo a São Paulo ya riga ya ba ta aiki, amma ta ce su ɗan dakata. Sai ga ta ta dawo gida a bayan akori-kura, rungume da wata na'ura da ta aro wajen malamanta, tana ta yi wa direba faɗa ya bi ramuka a hankali.

A rumfar ƙungiya aka kafa na'urar. Cikinta akwai wani bututun tangaran mai ƙofofin da ido ba ya gani. Famfo na tura ruwan yazawa ta cikinsa, tsantsar ruwan ya tsattsafo ta jikin bangon, ɓurɓushin ya wuce. Ba jelatin, ba ƙyalle.

"To ai toshewa zai yi," in ji Aldenora a ranar farko. "Ƙyallena ma da nake ganin ƙofofinsa sai na yi ta wanke shi."

"Shi ne ciwon kan kowa, Mama. Shi ya sa na ɗaura masa abu biyu. Kin ga wayoyin nan? Shi ɓurɓushin yana ɗauke da irin tasa wutar. In na ba bangon wutar lantarki irin tasa, sai su ƙi juna, bangon ya riƙa ture shi. Wanda ya yi taurin kai ya manne kuma, wannan akwatin yana sakin wata ƙara siririya da kunnenmu ba ya ji, ita ke kakkaɓe shi."

"Kunnenki dai ba ya ji. Ni ga haƙorana nan suna tsami."

Gildete na tsaye riƙe da ƙugu tana sauraro. Ita ta riƙe Ivonete ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna komadre da Aldenora, kuma shi ya sa take ganin tana da lasisin faɗar abin da ta ga dama.

"Wato yanzu kiɗa za a riƙa yi wa ruwan yazawa?" ta ce. "To a sa masa na rawa mana, mu ma mu taka."

Aka yi dariya, Ivonete ma ta yi, amma uwarta ta ga yadda kunnuwanta suka yi ja.

Gwajin bokiti-bokiti da aka yi a makon nan duk ya yi kyau. Sai dai manomi ba ya yarda da bokiti. Seu Deusimar, shugaban ƙungiya, mutum ne da ba ya son rigima kuma ba ya son a ce ya yi gaggawa, don haka ya yanke magana a gaban taro. Ranar Asabar kowane gida zai kawo abin da ya tsinka, a cika babban tanki. In na'ura ta tace shi kafin ya yi tsami, ƙungiya za ta nemi tata, Ivonete ta zauna ta riƙa kula da ita. In ta gaza, a mayar wa masu ita da godiya. Ba wanda ya faɗi sauran maganar, amma Aldenora ta san ta sarai: in na'ura ta koma Teresina, Ivonete São Paulo za ta.

Ranar Asabar tun da sassafe amalanke da babura suka fara sauke kwanduna. Ivonete ta kurɓi kofi a tsaye, ta bar dambun masara da ƙwai a faranti ba ta taɓa ba.

"Sa mini albarka, Mama."

"Allah ya yi miki albarka. Ki ci abinci."

"Sai na dawo. Don Allah ki tsaya mini a kan tankin nan, kada kowa ya zuba komai a ciki. Komai fa, Mama."

Kafin hantsi ya ɗaga an cire ƙwallaye, an wanke, an matse, tanki ya cika fal. Ivonete tana can bayan rumfa da mai gyaran wuta suna duba waya, sauran mutane sun taru gindin bishiya ana rabon kofi da mazarƙwaila. Aldenora ta hau benci ta leƙa tankin. Bana jar yazawa ta fi yawa, ta gonakin tudu da ba su sha ruwa sosai ba, ruwanta ya yi kauri kamar kunu. Ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, baurin ya ɗaure mata baki. Wannan ba irin na bokitin gwaji ba ne. Irin wannan ruwa ita kanta sai ta ninka hannu kafin ya yanku, shi ne za a ce wani bututu mai ƙofofin da ba a gani zai haɗiye shi haka nan?

Ta ji maganar 'yarta, ba wai ba ta ji ba. Amma a kan Aldenora jelatin ba ya cikin "komai". Komai shi ne ƙuda, ƙasa, hannun da ba a wanke ba, wuƙar ƙarfe da ke baƙanta ruwa. Jelatin kuwa gishirin miya ne, ba a lissafa shi cikin abin da aka zuba. Tun tana yarinya ba ta taɓa ganin ruwan yazawa ya washe ba tare da an yanka shi ba. Ta ce a ranta, yarinya ce, girman kai ne na masu karatu, ba za ta iya buɗe baki ta ce Mama taimake ni ba. In aka dunƙule wa na'urar ɓurɓushin ai an rage mata rabin aiki. Ga ƙullin jelatin a ma'ajiyar rumfa inda yake kullum, ga ruwan ɗumi a kan murhu. Ta jiƙa, ta zuba da yalwa saboda kaurin ruwan, ta juya da muciya a hankali yadda ba za a ji ba. Ta sauko daga benci tana jin daɗin kanta, har da ɗan murmushi.

Ivonete ta kunna famfo. Mutane suka matso, suka yi da'ira. Daga bakin tiyo ruwa ya fara zuba cikin babbar kwalba, garau, har ana hango fuskar wanda ke tsaye a ɗaya gefen. Wani ya yi fito. Seu Deusimar ya gyara hularsa. Aldenora ta harɗe hannuwa tana kallon Gildete ta wutsiyar ido.

Ba a jima ba zubar ta fara sirancewa. Daga kaurin yatsa ta koma kaurin tsinke, daga nan ta koma ɗigo. A jikin na'urar akwai agogon da ke nuna ƙarfin matsi, da jan layi a gefe guda, kuma tun ranar farko Ivonete ta gaya wa kowa cewa in allura ta haye jan layin nan bututun na iya tsagewa, ga shi na aro ne, babu wani. Allurar ta fara tafiya.

"Lafiya dai?" in ji Seu Deusimar.

"Lafiya lau, Seu Deusimar. Ruwan yau ya fi kauri, bari in ƙara masa wuta."

Ta murɗa maɓalli. Maimakon ɗigon ya ƙaru sai ya ja baya, allura ta yi tsalle. Ivonete ta ƙura wa agogon ido kamar ya zage ta. Ta ƙara ƙarar nan, haƙoran kowa suka ɗauka, karen da ke kwance a ƙofa ya tashi ya bar wurin. Ɗigo ya ɗan farfaɗo, sannan ya sake mutuwa. Ta sake ƙara wuta, abin ya sake lalacewa.

"Kiɗan ne bai yi masa ba," in ji Gildete. "Ni dai na ce a sa na rawa."

Wannan karon mutum biyu ne kawai suka yi dariya. Rana ta take tsaka, kwanon rumfa ya ɗau zafi, ƙudan zuma sun fara kewaya bakin tanki. Kowa a wurin ya san warin ruwan da ya fara juyawa, kuma kowa yana ta shaƙar iska a ɓoye yana jiran sa. Wani dattijo daga tudu ya ce shi fa yazawar gonarsa kaf tana cikin tankin nan. Wata ta ce da an sani da an raba biyu, an bar wa Dona Aldenora rabi.

Har yanzu Aldenora ba ta ga laifinta ba, tana dai cewa a ranta da ba ta taimaka ba da abin ya fi haka muni. Amma ta lura duk lokacin da yarinyar ta ƙara wutar nan da ta ce tana ture ɓurɓushi, abin ƙara lalacewa yake yi.

Ivonete ma abin da ta lura da shi ke nan. "Kamar wutar ta juya," ta ce da kanta, amma a fili. "Ja take yi maimakon turewa." Ta duba wayoyi, kowace na mazauninta. Allura ta taɓa jan layi. Ta kai hannu ta kashe famfo, rumfar ta yi tsit.

Ta ɗauki kofin gilashi, ta hau benci, ta ɗebo daga tanki, ta ɗaga shi saitin hasken ƙofa. Daga inda take Aldenora na iya hango su, dunƙule-dunƙulen nan farare suna lilo a hankali suna gangarawa ƙasa. Ivonete ta girma a gindin muciyar nan, ba ta bukatar a gaya mata ko mene ne. Ta daɗe tana kallon kofin, sannan ta juyo ta dubi uwarta. Babu fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Ta juye kofin cikin tanki kafin wani ya matso ya gani.

"Seu Deusimar," ta ce, muryarta a dushe, "laifina ne. Ban auna kaurin ruwan bana daidai ba. Na'urar ba za ta iya ba."

Shugaban ya sauke ajiyar zuciya, da alama ma daɗi ya ji da aka sauƙaƙa masa. "To, 'yata, kin yi ƙoƙari. Ba a kanki aka fara ba. Ku kawo ƙyallaye, Dona Aldenora ta cece mu da abin da ya saura."

Nan take rumfa ta motsa, mata suka nufi ma'ajiya. Gildete ta dafa kafaɗar Aldenora ta ce, "Komadre, ashe dai ba a yi injin da zai ture ki ba."

Aldenora ta tsaya kamar an dasa ta. Ga sunanta an miƙo mata a faranti, ya ma fi na jiya girma. In ta yi shiru babu mai sani har abada, don ta san 'yarta, ko da wuƙa a wuya ba za ta tona ta ba. In ta yi magana kuwa, ta zama tsohuwar da ta lalata tankin gari guda a ɓoye, kuma in na'urar ta yi aiki gobe, babu sauran mai neman mai yanka. Duk wannan ta gan shi sarai. Sai ta hango Ivonete ta durƙusa tana naɗe tiyo a hannunta, a hankali, irin naɗin wanda ke haɗa kayan tafiya. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka binne mijinta.

"Ku dakata."

Ba a ji ta ba saboda hayaniya. Ta ɗauki muciya ta buga a jikin tanki.

"Na ce ku dakata! Ƙarya take yi. Ni na yanka ruwan nan."

Kowa ya tsaya inda yake.

"Mama, don Allah ki bari."

"Rufe mini baki, ba da ke nake ba. Deusimar, yarinyar nan ta ce kada a zuba komai, ni na zuba jelatin kuna can kuna shan kofi. Wanda bai yarda ba ya ɗebo ya duba, ai duk kun san yankakken ruwa."

Gildete ce ta ɗebo. Ta duba, ta ajiye kofin, ta rasa abin faɗa, abin da ba a taɓa gani ba a Lagoa do Angico.

"Haba, Dona Aldenora," in ji dattijon tudu. "Ke da kanki? Don kada a karɓe miki muciya?"

Maganar ta soke ta, don ta san haka za a riƙa faɗa a kasuwa daga yau, kuma ba ta da yadda za ta wanke kanta. "Ka faɗi abin da ka ga dama," ta ce. "Taimaka mata na yi niyya. Ivonete, gaya musu abin da jelatin ya yi wa injinki, ni ban sani ba."

Ivonete ta miƙe, idanunta sun cika. Ta yi bayani a taƙaice, tana kallon ƙasa. Jelatin yana ɗauke da kishiyar wutar da ɓurɓushin ke da ita, shi ya sa ma yake kama shi. Da ya lulluɓe ɓurɓushin, sai bangon da ke ture shi ya koma jawo shi, kuma duk wutar da ta ƙara, ƙara liƙa shi ta yi. Bututun bai tsage ba. In ta wanke shi da ruwan zafi da soda, ta bar ƙarar tana kakkaɓe shi, zai buɗe.

Seu Deusimar ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya dubi uwar, ya dubi 'yar. "To ai ba a gwada na'ura ba ke nan," ya ce. "Ranar Talata a sake. Amma Dona Aldenora, kada ranki ya ɓaci, ranar ba za ki shigo rumfar nan ba."

A gaban mutanen da ta shayar shekara da shekaru aka faɗa mata haka. Ta gyaɗa kai. Sannan ta ɗaura ƙyalle, don ruwan da ke tanki ba ya jiran kunyar kowa. Suka tace abin da ya tatu, na ƙasan ya riga ya juya, aka loda shi a jarkoki aka kai wa aladu. Babu wanda ya yi mata magana har aka watse, ita ma Ivonete tana can tana wankin bututu ba ta ɗago ba.

Ranar Talata a ƙofar gidanta ta zauna, tana tsince wake, tana jiyo ƙugin famfo daga nesa. Duk lokacin da iska ta ɗauke ƙarar sai hannunta ya tsaya. Da rana ta karkata famfo ya yi shiru, ta ji ihu, ba ta san ko na murna ba ne ko na tsiya. Can sai ga Ivonete tafe, mutane na biye da ita, riƙe da kwalba mai ɗumi da aka tsamo daga tukunyar dahuwa. Ta tsiyaya a kofi ta miƙa wa uwarta.

"Sun ce ba za su yarda ba sai kin ɗanɗana," ta ce. "Duk abin da ya faru, harshenki suka sani."

Aldenora ta ɗaga kofin saitin rana, ta kurɓa, ta juya shi a baki tana neman aibu. Ta nema da gaske, don ta so a ce akwai ko ɗan bauri, ko ɗan abin da za a ce sai hannu ne ke iya shi. Ba ta samu ba.

"Ta yi," ta ce. "Ta fi tawa haske."

Aka ɗau tafi, Gildete ta rangaɗa guɗa, suka ja Ivonete suka koma rumfa da ita. Daga ranar nan ba a sake kiran Dona Aldenora yanka ba, ko a Lagoa do Angico ko a ƙauyukan kewaye. Da suka tafi, ta zagaya bayan garken awaki ta yi kukanta ya ishe ta, ta wanke fuska. Sannan ta shiga kicin ta ɗora tukunyar wake da shinkafa, ta auna na mutum biyu.